Ramin Dako: Yadda Maharban Amurka Ke Nutsewa Cikin Ƙasa Don Su Kusanci Barewa

Asuba ce a farkon watan Nuwamba, a gefen wata gonar masara da aka riga aka girbe a jihar Wiskonsin ta arewacin Amurka. Sanyi ya daskarar da raɓa a kan karmami, fili ya yi fari fat kamar an barbaɗa gishiri. Daidai inda gona ta ƙare daji ya fara, a gindin wata bishiya da iska ta kayar shekarun baya, akwai mutum zaune. Ko ka zo taku 10 daga wurin ba lalle ne ka gan shi ba, domin daga ƙirjinsa zuwa ƙafa yana cikin rami. Kansa da kafaɗunsa ne kaɗai a waje, su ma sun saje da saiwoyin bishiyar da ke bayansa. Baka na kwance a cinyarsa, kibiya na ɗane a tsarkiya. Tun kafin gari ya fara haske ya shigo, ya yi awa 2 ko tari bai yi ba.

Can sai ga ƙarar busasshen ganye, kas, kas, sai shiru. Macen barewa ce ta fito, tana kaɗa kunnuwa, tana shaƙar iska. Ta dubi saman itatuwa, ta dubi gona, idonta ya ratsa ta kan kututturen bai tsaya ba. Ta sunkuya ta tsinci ƙwayar masarar da injin girbi ya zubar, ta wuce abinta. Maharbin bai ɗaga baka ba, namijin da ke bin sawunta yake jira. Amma ya riga ya samu amsar da ya yi watanni yana nema: ramin da ya haƙa tun watan Agusta ya faɗa inda ya kamata.

Barewar da ta kusa ƙarewa

Dabbar da ake magana a kanta ba ita ce barewar da muka sani a dajin Hausa ba, ko da yake sunan da ya fi dacewa da ita a bakinmu ke nan. Tamu ƙahonta ba ya faɗuwa. Ta Amurka kuwa namiji ne ke da ƙaho, mai rassa kamar itace, yakan zubar da shi kowane hunturu ya tsiro da sabo. Wadda ta fi yawa ita ce mai farin ƙasan wutsiya, wadda in ta tsorata takan ɗaga wutsiyar kamar tuta ta sheƙa a guje, sauran su gani su rufa mata baya. A yammacin ƙasar akwai 'yar'uwarta mai manyan kunnuwa irin na alfadari.

Wajen shekarar 1900 wannan dabba ta kusa zama labari. Masu harbi don sayar da nama da fata, da masu sare daji, sun rage ta zuwa abin da aka ƙiyasta bai wuce 500,000 ba a duk faɗin ƙasar. Doka ce ta cece ta. A 1900 aka kafa dokar Lacey wadda ta haramta safarar naman dajin da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba daga jiha zuwa jiha. A 1937 aka zo da dokar Pittman da Robertson, wadda ta keɓe harajin bindigogi da harsasai don kula da namun daji, sannan a 1972 aka yi mata gyara aka shigar da kwari da baka. Yau ana ƙiyasta barewa mai farin wutsiya ta kai wajen miliyan 30. Kowace jiha tana da lokacin da aka buɗe harbi da lokacin da aka rufe, da lasisi, da adadin da mutum zai kashe. Wiskonsin ce ta fara ware wa masu baka lokaci nasu na daban, a 1934, kuma yau a jihohi da yawa su ake fara buɗe wa daji tun Satumba ko Oktoba, kafin masu bindiga su shigo.

Me ya sa sai an matso kusa?

Mai bindiga yakan kayar da barewa daga nisan mita 200. Mai baka ba shi da wannan gata. Ko da bakan zamani mai 'yan tayoyi a kansa biyu, wanda Holless Wilbur Allen na jihar Mizuri ya ƙirƙira ya samu rajistarsa a 1969, yawancin harbin da ake yi bai wuce mita 20 zuwa 30 ba. Dalilin a fili yake. Kibiya daga irin wannan baka tana gudun kusan mita 90 a daƙiƙa, ƙara kuwa tana gudun kusan mita 340. Ke nan ƙarar tsarkiya takan isa kunnen barewa tun kibiya ba ta ci sulusin hanya ba. Barewar da hankalinta ke tashe tana jin ƙarar sai ta durƙushe don ta zabura, kibiyar da aka auna ƙirji ta bi ta saman gadon baya, ko ta samu inda bai kamata ba. Duk takun da aka ƙara a nisa, an ƙara mata lokacin kaucewa.

Ga shi kuma kusantarta ba wasa ba ne. Idanunta a gefen kai suke, tana ganin kusan digiri 300 ba tare da ta waiwaya ba. Binciken da aka yi a Jami'ar Jojiya a shekarun 1990 ya nuna ba ta bambance ja da ruwan lemo sosai, amma shuɗi tana ganinsa tar, kuma a dishi-dishin asuba da magariba ta fi mutum gani nesa ba kusa ba. Abin da ya fi kama idonta shi ne motsi, sai siffar mutum a tsaye, kai da kafaɗu a fili sararin sama na bayansa. Hancinta kuwa shi ne babban makaminta. Jan baka motsi ne babba, hannu biyu da kafaɗa duk sai sun yi aiki. Matsalar maharbi ke nan tun fil azal: yaya zai ja tsarkiya a gaban dabbar da ke taku 20 daga gare shi ba ta gani ba?

Dabara mai daɗaɗɗen tarihi

Amsar ta girmi bakan kansa a nahiyar Amurka. A ƙarƙashin Tafkin Huron, tsakanin jihar Mishigan da Kanada, akwai wani tudu da ruwa ya haɗiye. A 2014 masanin kayan tarihi John O'Shea na Jami'ar Mishigan da abokan aikinsa suka bayyana abin da suka gano a can, zurfin mita 37: layukan duwatsu biyu da aka jera don karkata garken barewar ƙanƙara, da maɓoya zagayayyu da mafarauta suka riƙa laɓewa ciki da masu, kimanin shekaru 9,000 da suka wuce. A duwatsun Norwe ma har yau ana ganin gajerun katangun dutse da aka yi su kamar jinjirin wata, inda masu baka suka riƙa tsugunawa suna jiran garke. Mutanen Hadza na Tanzaniya kuwa har yanzu sukan kwana a maɓoya kusa da mashaya idan rani ya tsananta.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Duk wanda ya taɓa ganin maharbi ya ɗaura kan burtu a goshi yana rarrafe cikin ciyawa ya san cewa sirrin shi ne ka rage tsawo, ka daina kama da mutum. Bambancin da ke akwai shi ne namu maharban sun dogara da dafi a bakin kibiya, dokokin Amurka kuwa kusan ko'ina sun hana shi. Can kaifin ƙarfe ne kaɗai zai yi aiki, don haka dole kibiya ta shiga daidai inda aka nufa.

Harbi da baka na wannan zamani a Amurka yana da alaƙa da mutum ɗaya, Ishi, na ƙarshe a ƙabilar Yahi, wanda ya fito daga daji a Kalifoniya a 1911. Likitan da ya riƙa duba shi, Saxton Pope, ya koyi sassaƙa baka da laɓaɓa wa nama a wurinsa, ya kuma rubuta littafi a kan harbi da baka a 1923, shekaru 7 bayan rasuwar Ishi. Mutanen wancan zamani a ƙasa suke harbi. Daga baya ne dandamalin ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin bishiya ya mamaye sana'ar, har wasu matasan maharba suka taso suna zaton ba a harbin barewa sai daga sama.

Bishiya, tanti, ko rami

Hawan bishiya yana da amfaninsa. Mutum yana hango nesa, warin jikinsa kuma yakan bi ta saman dabba. Amma yana da tsada ta wajen lafiya, domin a jihohi da yawa faɗowa daga bishiya ne kan gaba wajen yi wa maharba mummunan rauni, har ya fi haɗarin bindiga. Dattijon da gwiwa ta fara ciwo, da yaron da ake koya wa harbi, ba su da abin yi a mita 6 sama da ƙasa cikin duhun asuba. Sannan akwai wuraren da bishiyar ma babu: filayen Kansas da Nebraska da Dakota, da saharar yamma inda tsiro bai wuce gwiwa ba.

Tantin ɓuya da ake sayarwa a kanti shi ma yana aiki, sai dai a fili fetal yakan tsaya kamar rumbu, tsohuwar barewa ta hango shi daga nesa ta sauya hanya har sai ta yi kwanaki tana sabawa da shi. Rami kuwa ba ya ƙara wa fili komai. Shi ya sa masu harbin barewar fili mai gudun fiye da kilomita 80 a awa a jihohi irin su Wayomin suka daɗe suna haƙa shi a bakin mashaya, masu bin barewar daji su ma suka riƙe dabarar. Kuɗinsa shebur ne da gumi. Yana kare mutum daga iskar hunturu, kuma hannu da gwiwa da baka duk suna iya motsi a ƙasa da bakin rami ido bai gani ba.

Sai dai rami yana da sharaɗi guda mai nauyi: ba ya ɗaukuwa. Mai tanti in ya ga ya yi kuskure sai ya naɗe ya koma gaba. Mai rami kuwa in ya haƙa a inda barewa ba ta bi, ya yi aikin banza. Saboda haka kafin shebur ya taɓa ƙasa, sai mutum ya san dajin kamar tafin hannunsa.

Kafin a sa shebur

Barewa tana da tsarin yini. Da rana takan kwanta a sarƙaƙiya, da yamma ta fito kiwo a gonar masara ko waken soya ko gindin itatuwan ok masu zubar da 'ya'ya a kaka, da asuba ta koma makwanci. Maharbi yana neman turbar da ta haɗa wuraren biyu, musamman inda ƙasa ta matse hanya: siririn daji tsakanin gonaki biyu, mashigin rafi, gurbin da shinge ya karye. Yana karanta sawu da kashi, da 'yan itatuwan da namiji ya goge ƙaho a jikinsu har ɓawo ya saɓule, da inda ya tone ƙasa da kofato ya yi fitsari don mata su san yana nan. A jihohin arewa wannan alama takan yawaita a Nuwamba, lokacin barbara, sa'ad da manyan mazan da ba sa fitowa sai dare suke yawo da rana tsaka.

In ya samu turba, ba ya haƙa a kanta. Yakan ja gefe mita 15 zuwa 20, a ɓangaren da iska ta fi kaɗawa zuwa gare shi, ya nemi abin da zai jingina da shi: kututture, dutse, gungun ciyawa, ko gangaren tudu. Masana sukan ce abin da ke bayan maharbi ya fi abin da ke gabansa muhimmanci, domin shi ke shanye siffar kai da kafaɗa. Yana kuma duba rana, kada ta fito ta haske masa fuska ko ta kashe masa ido a lokacin da ya fi buƙatarsa.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni ko watanni kafin a buɗe harbi ake haƙa rami, don ruwan sama ya wanke warin mutum, ciyawa ta tofo a bakinsa, barewa ta gama sansanarsa ta manta da shi.

Shi kansa ramin hawa biyu ake yi masa. Akwai dakalin zama, akwai kuma gurbin ƙafa da ya fi zurfi, ta yadda mutum zai zauna kamar a kujera, ba a tsugune ba, domin ƙafar da ta yi sanyi ba ta bari a yi harbi mai kyau. Zurfin gurbin ƙafa yakan kai wajen santimita 60 zuwa 90, gwargwadon tsawon mai shi. Ma'aunin gaskiya dai shi ne bakan kansa. Maharbi yakan zo da shi ranar haƙa, ya zauna, ya ja, ya juya dama da hagu, ya tabbata kan baka na ƙasa ba ya taɓa bango ko gwiwa. Bakan zamani gajere ne, bai cika wuce santimita 90 ba. Dogon bakan gargajiya kuwa yakan haura mita 1 da rabi, sai an faɗaɗa masa gaba ko a karkata shi. In kan baka ya bugi ƙasa lokacin saki, kibiya ta ɓace, wani lokaci ma bakan ya tsage.

Akwai wani kuskure da ya sha cin sababbin shiga. Ido yana sama da kibiya da 'yan santimita. Mutum zai ga ƙirjin barewa sarai ta saman bakin rami, alhali tsinin kibiyarsa tudun ƙasar gabansa yake kallo. Shi ya sa ake rage tsawon bakin gaba, a tara ƙasar da aka haƙo a baya da gefe a rufe ta da ganye da rassa, ko a kwashe ta a tampol a kai nesa. Bayan haka sai a share ƙasan rami tas, ba busasshen ganye ko ɗaya, wasu har tsohuwar darduma suke shimfiɗawa don takalmi kada ya yi ƙara. A sassabe 'yan rassan da za su tare kibiya ta hanya 2 ko 3, ba ƙari. A ƙarshe a kafa buhu a kan turba a gwada harbi daga zaune, har jiki ya saba.

Iska ce alƙali

Rami yakan rage yaɗuwar wari, amma ba ya kashe shi. Ranar da iska ta juya tana kaɗawa daga rami zuwa turba, maharbin ƙwarai ba ya zuwa, ko da kuwa ranar ce kaɗai hutunsa. Barewa ta shaƙi mutum sau ɗaya a wuri, ta buga ƙafa, ta yi huci mai ƙara, to wurin ya lalace na kwanaki, wataƙila har ƙarshen kaka. Shi ya sa wasu ke haƙa rami biyu, ɗaya a kowane gefen turba.

A ƙasa mai tudu da gangare akwai wata iska ta ɓoye. Da safe in rana ta ɗumama ƙasa iska takan hau tudu, da yamma in sanyi ya sauka ta gangaro kamar ruwa. Ramin da ya yi kyau da hantsi yana iya tona asirin mai shi da almuru. Maharba sukan riƙe 'yar kwalbar hoda ko audugar wata ciyawa, su saki kaɗan su ga inda ta nufa. Hanyar shiga ma abin lura ce: ba a ratsa turba, ba a bi ta gonar da barewa ke kiwo cikin duhu.

Daƙiƙar da ake jira

Idan namijin ya zo, yana zuwa ne ido da ido da maharbi, wani lokaci har ana jin numfashinsa. A nan haƙuri ke biya. Ba a jan baka sai kansa ya shiga bayan bishiya ko ya juya ya dubi wani wuri. Bakan zamani yana taimako a nan, domin in an kai ƙarshen ja tayoyinsa sukan ɗauke mafi yawan nauyin, mutum ya iya riƙewa yana jira. Ana so dabba ta ba da gefe, a auna bayan kafaɗa kaɗan. Daga ƙasa kibiya tana tafiya a miƙe ta ratsa huhu biyu, mutuwa ta zo cikin daƙiƙoƙi, wanda harbi daga can ƙololuwar bishiya ba kullum yake bayarwa ba. In dabbar ta fuskanto ko ta ba da baya, ko ta yi nisa, maharbi mai mutunci yakan sauke baka ya bar ta ta wuce. Raunata dabba ta tafi ta mutu a sarƙaƙiya abin kunya ne a cikinsu. Bayan harbi ma ba a zabura. Akan zauna aƙalla rabin awa kafin a bi sawun jini, kada a tayar da ita ta ƙara nisa.

Ruwa, maciji da doka

Rami yana da nasa wahalhalu. A ƙasa mai laka ruwan dare ɗaya ya isa ya mayar da shi rijiya, don haka ake zaɓar gangare, a tona masa magudana, a zuba tsakuwa. Kafin a sa ƙafa da asuba sai an haska tocila, domin a kudu da yamma wani maciji mai caki a wutsiya yana son irin wannan wuri. Akwai kuma kaska mai ɗauke da cutar Lyme, wadda ta yi yawa a Wiskonsin da jihohin arewa maso gabas. Mai rami ba ya hango nesa, ciyawa mai tsawo takan rufe masa gani. Sannan ɓoyuwar da ta kare shi daga idon barewa ta ɓoye shi daga idon mai bindiga ma, shi ya sa in lokutan biyu suka haɗu ake sa alama mai ruwan lemo, wadda mutum ke hangowa daga nesa amma ba ta tayar wa barewa hankali.

Ba ko'ina aka yarda a haƙa ba. A filayen gwamnati da yawa an hana ko an gindaya sharuɗɗa, a gonar wani kuwa sai da izinin mai ita. Buɗaɗɗen rami yana karya ƙafar saniya ko doki, yana kayar da tarakta, don haka in ba a ciki sai a rufe shi da katako mai ƙarfi.

Idan hunturu ya yi nisa aka rufe harbi, akwai sauran aiki guda. Maharbin nan na gefen gonar masara zai dawo da shebur ɗinsa, ko ya samu nama ko bai samu ba. Zai kwashe dardumar, ya mayar da ƙasar da ya tara, ya tattake ta, ya watsa ganye a kai. In damina ta kewayo ciyawa ta rufe wurin, barewar da ya bari ta wuce za ta zo da 'ya'yanta su yi kiwo daidai inda ya zauna.